Na cire sunayensu, amma ƙawata ta gane matar

'Yar Domayo:
Assalamu alaikum. Don Allah manya a taimaka mini da shawara, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ina rubuta kundin mastas a kan zaman sauraro da kwantar da hankali da ake yi wa matan da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu, waɗanda ke zaune cikin gari a yankin Mokolo, ba na sansanin Minawao ba. Ina son in gane ko zaman yana rage musu firgita da rashin barci, da kuma abin da ke hana wasu komawa bayan zuwan farko. Na yi hira da mata 14. Kowacce na ce mata da bakina, "Adda, abin da za ki faɗa mini daga ni sai ke sai Allah." Sunaye duk na cire, na sa Mace ta 1, Mace ta 2, har zuwa 14.

Ranar Asabar na ba ƙawata da muke ɗaki ɗaya babi na huɗu ta gyara mini Faransanci. Ita 'yar can yankin ce. Ta karanta shafi uku, ta ɗago kai ta ce, "Wannan Mace ta 6 ai na san ta." Ta kira sunanta, ta kira sunan mijinta, har abin da take sayarwa ta faɗa. Wallahi cikina ya ɗuri ruwa. Ta yi mini alƙawarin ba za ta faɗa wa kowa ba kuma na yarda da ita, amma in ita ta gane a shafi uku, wa ya hana wani?

Ga kuma malamin da ke duba ni ya ce dole in sa jadawali mai shekarun kowacce, da ƙauyen da ta baro, da yawan 'ya'ya, da sana'a, sannan in liƙa cikakkun hirarrakin a ƙarshen kundi. Kun san yadda ranar kare kundi take a nan, ɗaki cike da 'yan uwa da abokai, daga baya kwafi ya shiga laburare. Yaya zan yi?

Ɗan Kusiri:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata kwantar da hankalinki. Kin cire suna, kin sauke nauyin da ke kanki. Kundin da zai kwanta a laburare ƙura ta rufe shi, mutum nawa daga ƙauyen za su zo Marwa su karanta Faransanci? Dace ne kawai aka yi ƙawarki 'yar can ce.

Maman Iman:
Ɗan Kusiri, ba a nan gizo yake saƙar ba. Mutum ɗaya ya isa. Ɗalibi ɗaya ɗan yankin ya ɗauki hoton shafin da waya ya tura gida, an gama.

'Yar Domayo, na shekara tara ina zama da mata a ɗakin sauraro, bari in ba ki abin da ya faru a gabana. A farkon aikina mun je bibiyar wata baiwar Allah a gidan da suke haya. Muka je da farar motar ƙungiyar da nake wa aiki a lokacin, da tambari a ƙofa, direba ya faka a gindin darbejiyar ƙofar gidan. Ba mu ambaci sunanta ga kowa ba, takardarmu lamba ce kawai a kanta, mun zauna a ɗaki mun saki labule. Amma duk unguwar sun san wace irin matsala motar nan take bi. Ina fitowa na ga mata uku a bakin famfo sun ajiye jarkokinsu, ruwa na zuba ba mai kula, idonsu na kan ƙofar. Kafin magariba magana ta kai ga uwar mijin. Bayan sati biyu aka ce mata ta je gida sai an neme ta, ita da ba ta da gidan komawa, an ƙona ƙauyensu. Har yau ina ganin jarkokin nan a idona.

Ban faɗi kalma ɗaya ba, amma ni na tona mata asiri. Tun daga nan ba na zuwa gidan mace. Mukan haɗu a asibiti ranar awo ko ranar allurar yara, ta shigo da goyonta kamar kowa.

A garuruwanmu ba da suna ake gane mutum ba. "Amaryar mai gyaran babur, wadda ɗanta na fari ya ɓace da azumi" ya fi katin ɗan ƙasa nuna mutum.

Baban Sadiya:
Abin da Maman Iman ta faɗa, masu lissafi ma sun tabbatar da shi. Wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta ɗauki bayanan ƙidayar 1990 ta nuna cewa kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen ƙasar ana iya ware kowannensu da abu uku kacal: lambar gidan wayar unguwarsa, da ranar haihuwarsa, da ko namiji ne ko mace. A 1997 ta gano takardun asibitin gwamnan jihar Masacusets, William Weld, a cikin bayanan da aka sake wa masu bincike bayan an cire sunaye. Wannan a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 a lokacin. To ina ga unguwar 'yan gudun hijira da kowa ya san tukunyar kowa?

'Yata, ni ma ina duba kundin ɗalibai a Ngaundere, na san abin da abokin aikina yake tsoro, amma akwai hanya. Jadawalin ki rushe shi. Kada layi ɗaya ya zama mace ɗaya. Ki ce masu shekara 20 zuwa 29 su kaza ne, masu 30 zuwa 39 su kaza. Ƙauye kada ki ambata, ki tsaya a "ƙauyukan bakin iyaka". Sana'a ki ce ƙananan sana'o'i. Lambar nan ta Mace ta 6 ita ma tarko ce: in mai karatu ya tattara duk inda aka ce Mace ta 6 a shafi 40 da 52 da 67, ya haɗa rayuwarta kaf. A wurare masu nauyi ki ce "wata daga cikinsu ta ce" kawai.

Abin da bai taɓa ma'anar bincikenki ba kina iya sauya shi, kamar ɗa ya koma 'ya, ko damina ta koma rani, amma ki rubuta a babin hanyoyin bincike cewa kin yi haka da dalilinki. Abin da ta ce game da ciwonta da abin da zaman ya yi mata, wannan ba a taɓa shi.

Ɗan Kusiri:
Malam, da girmamawa, a nan ne nake da ja. In an ba ɗalibi dama ya sauya ɗa zuwa 'ya, ya ɓoye gari, ya ƙi liƙa hira, da me za a gane ya je filin ma? Mu da muka yi makaranta mun san waɗanda suka zauna a ɗaki suka ƙirƙiro hira 20 a dare biyu. Malamin nata ba mugunta yake yi ba, ƙarya yake toshewa. Kuma gwamnati da ƙungiyoyi da irin wannan bincike suke tsara aiki. In ƙarya ce a ciki, matan nan dai za a cuta.

Baban Sadiya:
Gaskiyarka, ana yi, na kama da hannuna. Amma mai tabbatarwa ai malamin ne da alƙalan kundin, su uku ko huɗu, ba duk wanda ya shiga laburare ba. Ta kai masa rubutattun hirarrakin ofis, ya karanta a gabanta, ta koma da abinta. In alƙalai sun nema, a nuna musu a rufe. Tabbatar da gaskiyar ɗalibi daban, baza cikin mace a kasuwa daban.

Sanarwar Helsinki da Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar a 1964, wadda ake ta sabuntawa, tana kan wannan: burin samun ilimi ba ya hawa kan haƙƙin wanda ake binciken a kansa, kuma dole a yi duk abin da za a iya don tsare sirrinsa. Ki kai masa wannan cikin ladabi.

Tafintar Mora:
Salamu alaikum. Ban saba magana a nan ba amma wannan ta taɓa ni. Duk kuna maganar takarda, ba wanda ya tambayi 'Yar Domayo wa ya yi mata tafinta. Matan nan da yawa ba Hausa ba Fillanci sosai, Faransanci kuwa ba a magana. Sai Barbarci, ko yaren Mandara, ko na Mafa.

Na yi wa masu bincike tafinta shekara huɗu. A ɗauke ka da safe, a biya ka da yamma, a manta da kai. A cikin duk waɗanda na yi wa aiki mutum ɗaya ce ta zaunar da ni ta yi mini bayanin amana ta sa na sa hannu. Sauran kamar rediyo suka ɗauke ni, a kunna a kashe. Alhali ni ce na fara jin maganar, da harshen da aka yi kukan. Mai binciken tana hawa mota ta koma Marwa ko Yawunde, ni kuwa ina nan, gobe zan haɗu da matar a gidan suna, muna cin tuwo a kwano ɗaya.

Wata rana aka shigo da mace, ina ɗaga ido na ga dangin mahaifiyata ce. Ta dube ni, ta gyara mayafi, ta ce ita lafiyarta lau, barci take har da munshari. Na fassara haka. Mai binciken ta rubuta cewa zaman ya yi mata amfani. Ni na san ba ta barci, don ɗakinta yana jikin na goggona, ana jin ta tana salati har asuba. Ba ta yi ƙarya don mugunta ba, ni ta gani. Kun ga rashin sirri ba mace kaɗai yake cuta ba, binciken ma yana lalata shi.

Kuma in faɗi gaskiya, riƙon yana da nauyi. Ka dawo gida da labarin da ya hana ka cin abinci, mahaifiya ta ce "me suka ce yau?" Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ne, amma na san wani abokin aikinmu da ya kasa, matarsa kaɗai ya gaya wa don ya samu sauƙi. Matar tana da ƙanwa. Daga nan kun san sauran.

In za ku ɗauki tafinta, ku ɗauko daga wani gari, mace ga mata, ku nuna wa matar ita tukuna a keɓe ku ce "kin san ta? kin yarda da ita?" Sannan a ƙarshen yini ku zauna da tafintar ku saurare ta ita ma.

'Yar Domayo:
Adda, kin taɓo inda ban duba ba. Wata yarinya ce 'yar unguwar ta yi mini tafinta a hira biyar, mai ba su shawara ce ta haɗa ni da ita. Ban sa ta sa hannu a komai ba. Innalillahi.

Maman Iman:
Ki neme ta ki zauna da ita, ba a makara ba. Kuma tunda ta hannun mai ba su shawara kika same su, akwai tambaya: sun san in sun ƙi hira da ke ba za a hana su zama ko tallafi ba? Kuma sun san abin da suka faɗa miki game da ita ba zai koma kunnenta ba? Mace ba za ta ce miki zaman bai yi mata komai ba in tana zaton gobe za a gaya wa mai zaman.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2001 kan binciken cin zarafin mata a gidan aure, ta ƙara wasu a 2007 kan fyaɗe a wuraren rikici. Abu biyu na ɗauka daga ciki nake aiki da su kullum. Na farko, a gaban jama'a da mai unguwa ba a kiran binciken da sunansa na gaskiya, sai a ce bincike ne kan lafiyar mata da rayuwarsu, matar kaɗai ake yi wa cikakken bayani in an keɓe. Na biyu, ki riƙe wata takardar tambayoyi ta daban a hannu, in miji ko kishiya ta ɗaga labule, nan take ki koma tambayar shayarwa ko al'ada, kuma kin riga kin gaya wa matar za ki yi haka. Yaron da ya fara magana ma ba a barin sa a ɗakin.

Malam na Kakatare:
Bismillah. 'Ya'yana, wannan da kuke kira ƙa'idar bincike, sunanta amana. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan mutum ya yi magana sannan ya waiga, to maganar amana ce. Ku duba, bai ma ce "kada ka faɗa" ba, waigen kawai. Matar da ta leƙa ƙofa kafin ta buɗe baki ta riga ta ɗora miki. Ya kuma ce wanda aka nemi shawararsa abin amincewa ne. Huzaifa ɗan Yaman an ba shi sunayen munafukai, ya riƙe, har Sayyidina Umar abin da ya iya tambayarsa shi ne ko shi yana ciki.

Abin da zan ja kunnenki a kai, 'yata, kalmar "daga ni sai ke sai Allah". Kin faɗe ta da kyakkyawar niyya, amma ga tafinta, ga malaminki, ga ƙawarki, ga mai buga takarda. Alƙawari kaya ne. Gara ki faɗa mata iya abin da za ki iya ɗauka, ta zaɓi abin da za ta ba ki.

Metir na Garwa:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya riga ni. Ni lauya ne, bari in ƙara ta fuskar doka, don ɗalibai da yawa suna zaton suna da garkuwar da ba su da ita.

Sashe na 310 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 3 da tarar sefa 20,000 zuwa 100,000 ga wanda ya fallasa sirrin da ya sani ta dalilin sana'arsa ko aikinsa ba da izinin mai shi ba. Amma sashen da kansa ya cire bayanin da aka yi wa alƙali ko jami'an binciken laifi, da amsa tambaya a kotu. Waɗanda ya bar wa riƙon sirri har a can su ne irin likita, da lauya, da shugaban addini. Ɗalibar da ke rubuta kundi ba ta cikin jerin nan. In an kira ki, ba ki da inda za ki fake.

Kuma mu a nan arewa ba mu manta da Ahmed Abba ba, wakilin sashen Hausa na RFI. A Marwa aka kama shi a Yulin 2015, kotun soja a Yawunde ta yanke masa shekara 10 a Afrilun 2017, cikin tuhumar har da rashin kai rahoton ayyukan ta'addanci. Sai a Disambar 2017 ya fito bayan ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin. Ɗan jarida ne, ba mai bincike ba, amma duk mai ɗaukar muryar mutanen bakin iyaka ya kamata ya tuna.

Ko a ƙasashen da muke ganin sun ci gaba haka ne. Jami'ar Boston College a Amurka ta ɗauki hirar tsofaffin mayaƙan Ailan ta Arewa da alƙawarin ba za a saki muryar kowa ba sai bayan mutuwarsa. A 2011 hukumomin Birtaniya suka nemi kaset ɗin ta hannun kotun Amurka, kuma an miƙa wasu. A 2014, a kan abin da ke cikin kaset ɗin, aka tsare Gerry Adams, shugaban jam'iyyar Sinn Féin a lokacin, kwana huɗu ana yi masa tambayoyi, aka sake shi ba tuhuma. Babbar jami'a da lauyoyinta ba ta iya riƙe alƙawarin ba.

'Yar Domayo:
(an goge wannan saƙon)

Maman Iman:
Goge wannan yanzun nan, ƙanwata. Yanzu. Mu sama da ɗari biyu ne a nan, ba ki san kowa ba. Kin riga kin faɗi yankin a saƙonki na farko, kin faɗi lambarta. Wanda ya karanta don Allah ya riƙe bakinsa, kada kowa ya maimaita ko ya ɗauki hoto.

'Yar Domayo:
Na goge. Astagfirullah. Ina neman yadda zan rufa mata asiri ina ƙara buɗewa. Metir, zan kira ku a waya.

Metir na Garwa:
Ki kira, amma gara mu haɗu. Abin da zan iya faɗa a fili ga kowa shi ne: abin da ba ka ɗauka ba, ba mai ƙwace shi a hannunka. In bincikenka kan barci da firgita ne, ba ruwanka da sunan wanda ke daji. Ka faɗa tun farko, "kada ki kira mini sunan kowa," in ta fara ka tsayar da rikoda. Kuma a rubuta tun a takardar neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike cewa za a goge muryoyi da zarar an rubuta su an tantance. Gogewa bisa tsarin da aka amince da shi tun farko daban take da gogewa bayan hukuma ta nema. Ta biyun laifi ce, ba zan ba kowa shawararta ba.

Ɗan Kusiri:
To ni ga tambayata, kuma da gaske nake. A Kusiri da Fotokol da Kolofata mun binne mutane. In a cikin hira aka faɗa maka abin da zai ceci rai, sai ka ce amana? Sirrin mutum ɗaya ya fi ran mutum goma?

Malam na Kakatare:
Bai fi ba, ɗana. A ruwayar Abu Dawud ta "majalisai amana ne" an togace uku, na farkonsu zubar da jinin haram. Malaman hadisi sun yi magana a kan ƙarfin ruwayar, amma ma'anar ta dace da ƙa'idar shari'a ta tsare rai. Sai dai a bambanta: wanda ya ce gobe zai kashe wane, da uwar da take kukan ɗanta. Na biyun ba labarin hari ta ba ka ba, ciwonta ta nuna maka.

Baban Sadiya:
Masu ilimin halayyar ɗan Adam suna koyar da wannan da shari'ar Tarasoff. A 1969 wani ɗalibi a Bakli ta jihar Kalifoniya ya gaya wa mai ba shi shawara zai kashe wata budurwa, Tatiana Tarasoff, ba a sanar da ita ko iyayenta ba, ya kuwa kashe ta. A 1976 babbar kotun jihar ta ce akwai nauyin kare wanda ake shirin cutarwa. Dokar Kalifoniya ce, ba tamu ba, amma daga nan aka saba faɗa wa mutum iyakar sirri kafin ya fara magana: in kin ce za ki kashe kanki, ko za ki cutar da wani, ko ana cutar da yaro yanzu haka, ba zan yi shiru ba, amma ke zan fara gaya wa wanda zan nema.

Ɗan Injamena:
Gaisuwa daga Cadi. Ni aikina tattara bayanai ne da waya, bari in taɓa ɓangaren na'ura don nan ne muke zubar da yawa.

'Yar Domayo, muryoyin suna ina yanzu? In a wayarki suke, wayar da kike hawa babur da ita, kike ba ƙannenki su kalli bidiyo, kike kai wa mai gyara a kasuwa ki ba shi lambar buɗewa ki tafi sallah, to ba a ɓoye suke ba. In kin taɓa tura wa wani ta WhatsApp ya rubuta miki, akwai kwafi a wayarsa, wataƙila da wani a Google Drive ɗinsa. Masu aiki da KoboToolbox, manhajar cike fom ɗin bincike a waya, kuma su duba ko fom ɗinsu yana ɗaukar GPS, don na ga jadawali ba suna ko ɗaya amma kowane layi da alamar ƙofar gidan mutum a taswira.

Sai shagon buga takardu. Ka ba yaron shago kile USB, wato filas, ya kwafe fayil ɗin a kan kwamfutarsa don ya buga, ka biya ka tafi, fayil ya zauna nan. Ɗalibin da ya zo bayanka ya ce a ba shi samfurin kundi, a ba shi naka. Shafukan da suka lalace kuma ba a ƙona su. Ni da kaina na sayi gyaɗa a bakin titi, na warware ƙunshin, na ga takardar tambayoyin wani bincike ce, an cike da biro, ga shekaru, ga unguwa, ga amsar tambayar ko mijinki yana dukanki. Na tsaya a wurin na saye duk gyaɗar da aka ƙunsa da irin takardar.

Takardar amincewa mai suna da dangwalen yatsa ita ce kaɗai ke haɗa lamba da mutum. Kada ta kwana jaka ɗaya da hirarrakin. A bincike mai haɗari ana iya roƙon kwamiti ya yarda da amincewar baki, ba dangwale. Mu a Cadi muna da dokar kare bayanan mutum tun 2015, ku ma taku ta fito a Disambar 2024, amma doka ba za ta bi ki shagon fotokwafi ba.

'Yar Domayo:
Yaya, a waya suke, da kwafi a kwamfutata. Ban tura wa kowa ba, ni na rubuta su da hannuna, wannan kaɗai na yi daidai. Yau zan cire su daga wayar in sa wa fayil ɗin kalmar sirri.

Goggon Hausare:
Ni ba 'yar boko ba ce sosai, 'yata ce ta sa ni a nan. Amma ina da tambaya. Akwai wadda na sani da ta ce in za a rubuta abin da aka yi musu a sa sunanta da na ƙauyensu, don duniya ta san an yi, ba tatsuniya ba ce. Ita ba ta jin kunya, waɗanda suka yi ne ya kamata su ji. Irin wannan sai ku ce a'a, ku mai da ita lamba? An ƙwace mata gida, a ƙwace mata suna kuma?

Maman Iman:
Goggo, kun yi tambaya mai nauyi, kuma na haɗu da irinta. Ba na raina ƙarfin halinta. Abin da nake ce musu shi ne, sunanki ba naki ke kaɗai ba ne. A cikin labarinki akwai 'yarki da ba ta yi aure ba, akwai kishiyarki da aka kama ku tare, su ba su ce a faɗa ba. Kuma takarda ba ta mutuwa, yau kina son a sani, shekara biyar nan gaba mai neman auren 'yarki ya gani. In bayan ta ji duk wannan, ta kwana a kai, ta ce har yanzu tana so, kuma labarin nata ne ita kaɗai, ni ina ganin a saurare ta a kai maganar gaban kwamiti. Amma ba a zaman farko ba, ba tana cikin kuka ba.

Goggon Hausare:
To, na ji ta 'yar. Amma ku riƙa tambayarsu, kada ku yanke musu.

'Yar Domayo:
Salamu alaikum, na dawo da bayani. Jiya na samu malamina da abin da Baban Sadiya ya tsara mini. Ya yarda a cire cikakkun hirarrakin daga kundin, zai karanta su a ofis. Jadawalin kuma ya ce a haɗe shekaru a cire ƙauyuka, amma yawan 'ya'ya yana nan a kan bakansa, don yana ganin yana da alaƙa da rashin komawa zaman. Mun tsaya a kan "ƙasa da huɗu" da "huɗu zuwa sama". Sunan garin ma zan cire shi daga taken kundin.

Saura Mace ta 6. Na gwada sauya bayananta ta kowace hanya, amma abin da ya sa maganarta ta fi ta kowa ƙarfi shi ne dai abin da ke nuna ita ce. Na yanke shawarar in je in karanta mata sakin layin da harshenta, in gaya mata gaskiya cewa wata ta gane ta, in ba ta haƙuri a kan alƙawarin da na yi fiye da ƙarfina. In ta ce a cire, zan cire, ko da babin zai rame.

Zan je ranar Laraba, ranar kasuwa, ta fito kamar mai cefane mu haɗu a asibiti. Ba na son in koma da yarinyar unguwarsu. Adda Tafintar Mora, ko za ku iya raka ni? Kuɗin mota a kaina.

Tafintar Mora:
Zan iya. Amma kada ki rubuto mini sunanta ko a keɓe. In mun isa ki bar ni a waje, ki shiga ki tambaye ta tukuna, ta leƙo ta taga ta gan ni. In ta san ni, sai in zauna a benci in jira ki, ku lallaɓa da Hausar da take ji. Mota ta farko za mu bi, ƙarfe nawa take tashi daga Marwa?